Gonar Gimbiya Fatima: Wakafi da Wasiyya a Tarihin Jami'ar Alƙahira

Gabatarwa

Jami'ar Alƙahira tana cikin manyan jami'o'in Afirka, kuma ɗalibai masu yawa daga Nijar, Najeriya, Chadi da Sudan sun sha ruwan ilimi a cikinta. Sai dai ba gwamnati ce ta kafa ta ba. An buɗe ta ranar 21 ga Disamba, 1908, da sunan Jami'ar Masar, a cikin gidan haya, da kuɗin da jama'a suka tara ta hanyar gidauniya. Ta yi shekara 16 da 'yan watanni a hannun masu zaman kansu kafin gwamnati ta karɓe ta a 1925, kuma a tsawon wannan lokaci rashin kuɗi ya kai ta bakin rufewa.

Wannan maƙala ta bi diddigin dukiyar da aka rayar da jami'ar da ita a waɗannan shekaru: wanda ya yi niyya ya rasu bai cika ba, waɗanda suka yi alkawari a bainar jama'a, da waɗanda suka tsare gonakinsu a rubuce domin amfaninsu ya ci gaba da zuwa bayan ransu. A cikin rukuni na ƙarshe babu wanda ya kai Gimbiya Fatima, 'yar Khidiwi Isma'il. Khidiwi laƙabi ne na mai sarautar Masar a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Kyauta, wasiyya da wakafi

Kafin a shiga labarin, ya kamata a bambanta hanyoyi uku da shari'ar Musulunci ta tanada ga mai son dukiyarsa ta amfani wata makaranta.

Ta farko ita ce kyauta, wadda malaman fiƙihu suke kira hiba. Mai lafiya yana iya bayar da abin da ya ga dama, wanda aka ba kuma ya mallake shi, ya sayar ko ya kashe. Kyauta tana biyan buƙatar yau, idan ta ƙare ta ƙare.

Ta biyu ita ce wasiyya, wadda ba ta fara aiki sai bayan rasuwar mai ita, kuma yana iya janye ta muddin yana raye. Ba ta wuce sulusin abin da ya bari bayan an biya bashi, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Asalin wannan iyaka shi ne labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka ya nemi izinin sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, sannan rabi, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi domin kada magada su tagayyara.

Ta uku ita ce wakafi. A nan ana tsare asalin dukiyar, gona ce ko gida ko rumfar kasuwa, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a raba ta a gado, amfaninta kawai ake kaiwa inda mai ita ya shardanta. Malamai suna kafa hujja da gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar ya tsare ta a kan wannan ƙa'ida. Littattafan Malikiyya sun fi kiran wannan aiki hubus, shi ya sa Hausa take da kalmomi biyu: a Kano ana cewa Hukumar Zakka da Hubusi, a Sakkwato kuwa zakka da wakafi ake cewa. A mazhabar Malikiyya sai dukiyar ta fita daga hannun mai ita ta shiga hannun mai karɓa tun yana da lafiya, in ba haka ba, idan ya rasu ta koma cikin gado. Wanda kuma ya jinkirta har ciwon ajali ya kama shi, wakafinsa ya koma hukuncin wasiyya, ba zai wuce sulusi ba. Kotunan Masar a wancan zamani da mazhabar Hanafiyya suke hukunci, kuma al'ada ita ce a rubuta takardar wakafi a gaban alƙali, a ambaci iyakokin ƙasa, da waɗanda za su amfana, da wakilin da zai kula, wanda ake kira nazir.

Abin da Masar ta gada

Masarawan da suka tashi kafa jami'a a farkon ƙarni na 20 ba baƙi ba ne ga wannan tsari. An fara gina masallacin Azhar a 970, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma a shekara ta 400 ta Hijira, wato 1010, Halifa Al-Hakim ya tsare masa gidaje da shaguna a takardar da masanin tarihi Maƙrizi ya adana nassinta. Sarakunan Mamaluka da attajiran zamanin Turkawa sun yi ta ƙarawa. Daga waɗannan dukiyoyi ake biyan malamai, ake sayen man fitila da tabarmi, ake raba wa ɗalibai gurasa kullum.

Mutanen yankin Tafkin Chadi suna da hannu a wannan tarihi. A shekarun 640 na Hijira, wajen tsakiyar ƙarni na 13, a zamanin Mai Dunama Dabbalemi, alhazan Kanem da suka ratsa Masar a hanyarsu ta zuwa Makka sun ba alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a tsohon garin Fusɗaɗ, kuma Maƙrizi ya ambaci cewa sun ci gaba da aiko mata da kuɗi kusan kowace shekara. Daga baya Azhar ta ware masauki na musamman, wanda ake kira riwaƙ, domin ɗaliban Barno, kamar yadda ta ware wa na Sinnar da na Darfur. Ɗalibin da ya ƙetare Sahara ya sauka a irin wannan masauki yana cin gurasar mutanen da suka rasu ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi.

Masar ta kuma gaji darasi na biyu, mai ɗaci. Muhammad Ali Basha ya hau mulki a 1805 da goyon bayan malaman Azhar da shugaban sharifai Umar Makram. A 1809 ya ɗora haraji a kan gonakin wakafi, malamai suka yi ƙorafi, ya raba kansu, ya kori Umar Makram zuwa Dimyaɗ. Zuwa 1814 mafi yawan ƙasar noma, har da ta wakafi, ta koma hannun gwamnati, aka mayar da masu cin amfaninta 'yan albashi. Malaman da suke iya tsayawa su ja da mai mulki domin abincinsu ba a hannunsa yake ba, suka wayi gari suna jiran abin da baitulmali zai ba su.

Niyyar da ta bi mai ita kabari

Ingila ta mamaye Masar a 1882, kuma daga 1883 zuwa 1907 babban wakilinta, Lord Cromer, shi ne mai wuƙa da nama. Abin da gwamnatinsa take kashewa a kan ilimi kaɗan ne ƙwarai. Ya fi son a yawaita ƙananan makarantun koyon karatu da rubutu, yana gudun kada jami'a ta haifar da masu ilimin da za su tayar da ƙayar baya kamar yadda ya ga ana yi a Indiya. Akwai manyan makarantun likitanci, shari'a, injiniya da horon malamai, amma aikinsu shi ne samar wa gwamnati ma'aikata.

Kiran a kafa jami'a ya fito daga bakuna daban-daban. Jurji Zaidan ya yi shi a mujallarsa ta Al-Hilal, ɗan kishin ƙasa Musɗafa Kamil ya yi shi a jaridarsa ta Al-Liwa. Muftin Masar, Shehu Muhammad Abduh, wanda ya gaji da jan ƙafar da ake yi wajen gyara tsarin Azhar, ya nemi wani hamshaƙin mai gonaki na lardin Garbiyya, Ahmad Basha al-Minshawi, ya shawo kansa ya amince zai gina jami'a da kuɗinsa. Minshawi yana da dukiyar da za ta iya ɗaukar aikin, yana kuma da niyya. Amma ana cikin shawarwari ajali ya riske shi, shi ma Abduh ya rasu a Yulin 1905. Da yake ba a kai ga tsare wa jami'ar komai a rubuce ba, maganar ta tsaya a nan. Hausawa suna cewa tun ran gini ran zane. Alheri da ba a sa masa hannu a gaban shaidu ba, ba ya da mai kare shi ranar rabon gado.

Gidauniyar 1906

A watan Yuni na 1906 rikici ya ɓarke a ƙauyen Dinshawai tsakanin manoma da hafsoshin Ingila masu harbin tattabaru. Aka kafa kotu ta musamman, aka rataye mutum huɗu, aka yi wa waɗansu bulala a gaban iyalansu. Hankalin ƙasar ya tashi, masu hannu da shuni da yawa suka fara tunanin abin da za su yi wa ƙasarsu da kansu.

A ƙarshen Satumba wani mai gonaki daga Bani Suwaif, Musɗafa Kamil al-Gamrawi, wanda sunansa ya yi kama da na ɗan siyasar da aka ambata a baya amma ba shi ba ne, ya aika wa jaridu wasiƙa yana alkawarin fam 500 domin kafa jami'a, yana kiran sauran masu hali su yi koyi. Ranar 12 ga Oktoba, 1906, aka yi taro a gidan alƙali Sa'ad Zaglul, aka kafa kwamiti, aka rubuta alkawuran da suka kai fam 4,485. Aka amince jami'ar za ta karɓi kowa ba tare da duba addini ko asali ba, kuma ba ruwanta da siyasa. Makonni kaɗan bayan haka aka naɗa Zaglul ministan ilimi, ya janye daga kwamitin, nauyin ya koma kan abokinsa alƙali Ƙasim Amin, marubucin nan da ya shahara da kiran a ilimantar da mata.

Alkawari a zauren taro abu ne mai sauƙi, karɓar kuɗin ita ce wahala. A 1907 kasuwar hannun jari da farashin filaye suka faɗi a Masar, aljihun masu bayarwa ya girgiza, tara kuɗi ya yi sanyi. Abin da ya farfaɗo da aikin shi ne tafiyar Cromer a wannan shekara da shigowar gidan sarauta. Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya ba da goyon baya, baffansa Yarima Ahmad Fu'ad ya zama shugaban jami'ar. Ofishin kula da wakafi, wanda a lokacin yake ƙarƙashin ikon Khidiwi, ya yanka mata fam 5,000 a kowace shekara. Wato tun daga ranar farko babban jigon kasafinta dukiyar matattu ce, sai dai tana biyowa ta hannun mai mulki, wanda zai iya ƙarawa ko ragewa.

Waɗansu masu gonaki sun bi tsohuwar hanya kai tsaye. A Afrilun 1908 Hasan Zayid na lardin Manufiyya ya tsare wa jami'ar faddan 50 na ƙasar noma. Faddan ma'aunin gona ne na Masar, ya ɗan ɗara eka ɗaya kaɗan. Ƙasim Amin ya yi jawabi a bikin da aka shirya domin wannan wakafi, kwanaki kaɗan bayan haka ya rasu, wata takwas kafin a buɗe jami'ar da ya yi wa wahala.

Jami'a a gidan haya

Gidan da aka kama haya mallakar Nestor Gianaclis ne, wani attajirin taba ɗan asalin Girka, a kusa da wurin da a yau ake kira Dandalin Tahrir. Da yamma ake ba da darussa, domin ma'aikata da ɗaliban wasu makarantu su samu halarta. Ahmad Zaki ya koyar da wayewar Musulunci, Ahmad Kamal ya koyar da tarihin tsohuwar Masar. Yarima Fu'ad, wanda ya yi karatu a Italiya, ya jawo masana daga Turai irin su Ignazio Guidi, Carlo Nallino da Enno Littmann, waɗanda suke ba da darasi da Larabci. An kuma tura samari Turai su yi karatu su dawo su koyar. An buɗe sashen mata inda ake yi musu laccoci daban, amma surutun masu adawa da ƙarancin kuɗi suka sa aka rufe shi a 1912.

A cikin waɗanda suka cika zauren tun shekarar farko akwai wani makaho ɗan ƙauye daga kudancin Masar, almajirin Azhar, mai suna Ɗaha Husain. A 1914 ya zama mutum na farko da jami'ar ta ba digirin dakta, da nazarinsa a kan mawaƙi Abul Ala al-Ma'arri.

Duk da wannan, lissafi ba ya fita. Gwamnati ba ta amince da takardar shaidar jami'ar wajen ɗaukar aiki ba, don haka yawan ɗalibai ya ragu sosai bayan ɗokin shekarar farko. Kuɗin haya, albashin malaman Turai da guzurin ɗaliban da ke waje suna cin abin da ake samu. A 1913 Yarima Fu'ad ya ajiye shugabanci. Jami'a ba ta da fili nata, ba ta da gini, kuma mafi girman kuɗin shigarta yana rataye da yardar fada.

Wakafin Gimbiya

An haifi Fatima 'yar Isma'il a 1853. Yayar Yarima Fu'ad ce uba ɗaya, gwaggon Khidiwi Abbas. An aurar da ita ga Yarima Ɗusun, ɗan Sa'id Basha, a 1873, shekarar da wata matar mahaifinta ta buɗe makarantar Suyufiyya, wadda ake ƙirgawa a matsayin makarantar gwamnati ta farko ta 'yan mata a Masar. Likitanta, Muhammad Alwi Basha, yana cikin majalisar gudanar da jami'ar, kuma ta bakinsa ta ji halin da ake ciki.

Abin da ta yi a 1913 ya nuna ta fahimci inda ciwon yake, domin ta kasa taimakonta kashi uku, kowanne yana toshe wata ɓaraka. Da farko ta ba da fili faddan 6 kusa da fadarta a Bulaƙ al-Dakrur, a yammacin Kogin Nilu, domin jami'a ta fita daga gidan haya. Na biyu, a cikin babban wakafin da ta yi na gonakinta, ta ware amfanin faddan 661 na ƙasar noma a lardin Daƙahliyya, kimanin hekta 278, wanda aka ƙiyasta zai riƙa kawo wajen fam 4,000 a shekara. Wannan shi ne kuɗin gudanarwa da ba ya jiran sa hannun kowa. Na uku, da yake fili ba ya gina kansa, kuma asalin wakafi ba ya sayuwa, ta fito da kayan adonta na lu'ulu'u da zumurrudu, waɗansunsu gado ne daga gidan Sa'id Basha, ta miƙa wa Alwi Basha a sayar a yi gini da kuɗin.

Idan aka kwatanta, amfanin gonarta na shekara ɗaya ya kusa kai duk abin da manyan ƙasa suka yi alkawari a taron gidan Zaglul, kuma nata zai dawo baɗi da baɗin baɗaɗa. Ta kuma yi shi tana da lafiya, shekara bakwai kafin rasuwarta, don haka iyakar sulusi ba ta shafe shi ba, babu kuma magajin da zai ce a dawo da shi. Ga mai nazarin tarihin mata, wannan misali ne na yadda 'yancin mallaka da shari'a ta ba mace ya ba ta murya a harkar da al'ada ta hana ta zama a majalisarta. Irin haka Ibn Abi Zar'i ya ruwaito game da wata Fatimar, al-Fihriyya, wadda ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas a 859 da gadon mahaifinta.

A ƙarshen Maris na 1914 Khidiwi Abbas ya aza harsashin ginin a filin da ta bayar, kuma ita ta ɗauki nauyin bikin.

Yaƙi ya katse hanzari

Wata huɗu bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Farashin auduga, wadda ita ce jinin tattalin arzikin Masar, ya faɗi a farkon yaƙin, kayan gini suka yi tsada, aikin ya tsaya. Ba a samu mai sayen kayan adon da daraja ba sai bayan yaƙi. A Disamban 1914 Ingila ta tuɓe Abbas Hilmi ta ɗora baffansa Husain Kamil da laƙabin Sultan, aka kuma zaftare tallafin da ke fitowa daga ofishin wakafi, wanda zuwa lokacin ya zama ma'aikatar gwamnati. A 1915 jami'ar ta bar gidan Gianaclis ta koma wani mai arha. Gidan da ta bari shi ne Jami'ar Amurka ta Alƙahira ta saya a 1919.

Tsananin ya kai har aka kira ɗaliban da ke Turai su dawo gida. Ɗaha Husain, wanda bai daɗe da fara karatu a Montpellier ta Faransa ba, ya dawo Alƙahira a 1915 ya zauna 'yan watanni cikin baƙin ciki, sai da Sultan Husain Kamil ya sa baki aka samu abin mayar da su. A waɗannan shekaru, lokacin da tallafin hukuma ya ragu kuma masu gudummawa suka yi shiru, abin da gonakin wakafi suke kawowa shi ne kuɗin da jami'ar take iya lissafi da shi tun farkon shekara. Bai isa ya faɗaɗa ta ba, amma ya taimaka ƙofarta ta zauna a buɗe.

Gimbiya Fatima ta rasu a Nuwamban 1920. Ba ta ga an kammala ginin ba, ba ta kuma ga mace ta zauna a aji ɗaya da maza a jami'ar ba. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka fara karɓar mata a matsayin cikakkun ɗalibai, rukunin farko suka kammala a 1933, cikinsu har da Suhair al-Ƙalamawi, wadda ta zama babbar malamar adabin Larabci.

Daga hannun jama'a zuwa hannun gwamnati

Bayan yaƙi gwamnati ta ƙuduri aniyar kafa jami'arta. Majalisar tsohuwar jami'a ta ga ba za ta iya gasa da baitulmali ba, musamman da yake takardar shaidarta ba ta ba da aiki. A Disamban 1923 ta sa hannu a yarjejeniyar miƙa kanta da dukiyarta ga Ma'aikatar Ilimi, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da kiyaye 'yancin jami'ar wajen tafiyar da al'amuranta da kuma barin Ɗaha Husain a kan kujerarsa ta koyarwa. Ranar 11 ga Maris, 1925, Fu'ad, wanda zuwa lokacin ya zama Sarkin Masar, ya fitar da dokar kafa jami'ar gwamnati mai tsangayoyi huɗu: adabi, kimiyya, likitanci da shari'a. Tsohuwar jami'a ita ce ta zama tsangayar adabi, Ahmad Luɗfi al-Sayyid kuma ya zama shugaba na farko. A 1928 aka aza harsashin mazauni na dindindin a Giza, a gefen lambun Urman da mahaifin Gimbiya ya dasa. Fadarta kuwa ta zama Gidan Tarihin Noma, wanda aka buɗe a 1938.

Kuɗin gwamnati ya yi abin da wakafin mutum ɗaya ba zai iya ba: ɗakunan gwaje-gwaje, asibitin koyarwa, babban ɗakin karatu, dubban ɗalibai. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Maris na 1932 gwamnatin Isma'il Sidƙi ta cire Ɗaha Husain daga shugabancin tsangayar adabi ta mayar da shi ofis a Ma'aikatar Ilimi, bayan ya ƙi yarda a raba wa 'yan siyasa digirin girmamawa. Luɗfi al-Sayyid ya ga an karya alkawarin 1923, ya ajiye aiki ranar 9 ga watan. Wannan rana ta zauna a zukatan malaman jami'a a Masar, har wata ƙungiyarsu mai fafutukar 'yancin jami'o'i da aka kafa a 2003 ta ɗauki sunan 9 ga Maris.

An sauya wa jami'ar suna zuwa Jami'ar Fu'ad na Farko a 1940, sannan Jami'ar Alƙahira a 1953. Shi kansa tsarin wakafi bai tsira ba. Bayan juyin mulkin 1952 an soke wakafin iyali, a 1953 aka ba Ma'aikatar Wakafi ikon kula da wakafin alheri har da sauya inda amfaninsa yake zuwa, a 1957 kuma aka miƙa gonakin wakafi ga hukumar raba ƙasar noma. Abin da Muhammad Ali ya fara, jamhuriya ta ƙarasa shi, kuma masu dukiya suka ja baya daga tsare wa makarantu ƙasa, tunda sharaɗin mai wakafi ya daina ɗaure hannun hukuma.

Kammalawa

Tarihin shekarun farko na Jami'ar Alƙahira ya jera nau'o'in bayarwa kusa da juna yadda za a iya auna su. Niyyar Minshawi ta fi kowace girma, amma ba ta bar ko tubali ɗaya ba. Alkawuran 1906 sun tayar da aikin, sai dai sun yi rauni da kasuwa ta faɗi. Tallafin fada ya fi kowanne kauri a kasafi, ya kuma ragu da aka sauya mai sarauta. Wakafin Hasan Zayid da na Gimbiya Fatima su ne aka rubuta, aka miƙa tun masu su suna da lafiya, aka ɗora su a kan dukiya mai haihuwa, kuma su ne suka ci gaba da biya a shekarun da babu mai biya.

Tarihin ya kuma nuna iyakar wakafi. Gonaki 'yan ɗaruruwan faddan ba za su ɗauki jami'ar zamani ba, kuma takardar alƙali ba ta da ƙarfi sai gwargwadon yadda hukuma take mutunta ta. A ƙasashen da Hausawa suke zaune, inda jami'o'i suka dogara da gwamnati ko da kuɗin makaranta, kuma ake yawan kiran taron gidauniya a sanar da alkawura a lasifika, tambayoyin da majalisar Jami'ar Masar ta fuskanta a 1913 suna nan daram: me aka rubuta, wa aka damƙa wa, me dukiyar za ta riƙa haifarwa a kowace shekara, kuma wace doka ce za ta hana a karkatar da ita bayan mai ita ya kwanta dama.